Rohini, mowar Wata

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce, ina karatun harhaɗa magunguna a Haidarabad ta Indiya. Mahaifiyar ƙawata da muke ɗaki ɗaya ta tambaye ni ranar haihuwata da lokacin, ta duba wani littafi, sai ta kama hannuna tana murna, wai ni "Rohini" ce, tauraruwar Krishna. Ta ce zan yi farin jini da arziki, amma in yi hattara da kishi. Mece ce Rohini ɗin nan, kuma daga ina suka samo waɗannan halaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tauraruwar da aka kira miki Rohini ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita ce Dabaran, wadda malamanmu masu lissafin taurari suke ƙirgawa a ƙarshen taurarin bazara, bayan Surayya, kafin Haƙ'a ta buɗe damina. In kin taɓa ɗaga kai da daren hunturu kika ga Kaza da 'Ya'yanta, wato Surayya, to jar tauraruwar nan mai haske da ke biye da su ta gabas, ita ce. Mu mun riƙe ta don sanin lokacin shuka. Indiyawa sun riƙe ta don wannan, suka kuma ɗora mata labari da ɗabi'a da hukunci a kan wanda aka haifa a ƙarƙashinta.

Wata yana kewaya sama ya dawo daidai tauraron da ya baro cikin kwana 27 da kusan sulusin kwana. Wannan daban yake da kwana 29 da rabi da muke ƙirgawa daga tsayuwar wata zuwa tsayuwar wani. Mutanen Indiya na dā suka lura kowane dare Wata yakan sauka kusa da wasu taurari daban da na jiya, sai suka raba hanyarsa gida 27, suka kira kowane gida nakshatra. Da'irar sama daraja 360 ce, saboda haka kowane gida ya tashi da daraja 13 da daƙiƙa 20. Larabawa sun yi irin wannan rabo, sai dai nasu 28 ne, su ne manazilul ƙamar da muka gada ta hannun malamai. Mutanen Sin ma 28 suka yi. Su kansu Indiyawan, a tsohon jerin da ke cikin Atharva Veda, ɗaya daga tsofaffin littattafan addininsu, 28 ne, da ƙarin wani gida mai suna Abhijit wanda daga baya aka ajiye gefe don lissafi ya raba daidai. Albiruni, da ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen shekarar 1030, ya zauna ya gwama gidajen nan nasu da manazilin Larabawa.

A jerin da ake aiki da shi yau Rohini ce ta huɗu: Ashwini, Bharani, Krittika, Rohini. Krittika ita ce Surayya. Gidan Rohini yana farawa daga daraja 10 ya ƙare a daraja 23 da daƙiƙa 20 cikin burujin Sa, wanda suke kira Vrishabha. Da aka ce miki ke Rohini ce, ana nufin a sa'ar da aka haife ki Wata yana cikin wannan gida. Wata ake dubawa, ba Rana ba, kuma nan suka rabu da Turawa masu tambayar watan haihuwa kawai. Wata bai cika wuce kwana ɗaya a gida ɗaya ba, shi ya sa matar ta nemi lokaci ba rana kaɗai ba. Akwai abin da nake so ki lura da shi a nan. Agogon Indiya yana gaban na Najeriya da awa 4 da rabi, kuma cikin wannan tsakanin Wata yakan ci kusan daraja 2 da rabi. In an haife ki a gida Najeriya, ta kuwa duba littafinta da agogon Indiya ba ta gyara ba, kuma Wata yana bakin iyakar gidan a lokacin, to ko a lissafinsu tana yiwuwa ke Krittika ce ko Mrigashira.

Sunan kansa yana ɗauke da rabin bayanin. Rohini a Sanskrit ja ce, mace mai jan launi, kuma sukan kira jar saniya da wannan suna. Tauraruwar kuwa ja ce da gaske, ko da ido kika dube ta. Wasu malamansu suna kuma danganta sunan da wata saiwar kalma mai ma'anar hawa da tsirowa, kamar yadda shuka ke hudo ƙasa ta miƙe. Ki riƙe biyun nan, jar saniya da tsiro, domin kusan duk abin da za a faɗa miki game da halin 'yar Rohini daga cikinsu ya fito: nono, kiwo, yabanya, haihuwa, yalwa.

Sauran rabin yana cikin labarin da kowace kaka a Indiya ta sani. Daksha yana da 'ya'ya mata 27, ya aurar da su duka ga Chandra, wato Wata, da sharaɗin zai yi musu adalci, kowace dare ɗaya. Ga shi dai rabon kwana ne sak, irin wanda muka sani. Amma Wata ya ga Rohini ta fi 'yan'uwanta kyau, zuciyarsa ta karkata, ya tare a ɗakinta ya bar 26 suna jiran girkin da ba ya zuwa. Rohini ta zama mowa, sauran duk suka koma bora. Suka kai ƙara wurin ubansu. Daksha ya yi wa surukinsa faɗa, ya sake yi, bai ji ba, sai ya tsine masa da ciwon ramewa. Wata ya dinga lalacewa kullum, tsirrai suka fara bushewa, halitta ta shiga wani hali. Da aka roƙi Daksha, ya ce tsinuwar ba ta janyuwa gaba ɗaya, sai dai a sassauta: Wata zai rame rabin wata, ya murmure rabin wata, muddin ya koma zagaya matansa daidai. Da wannan suke bayyana raguwar wata da cikarsa. A Mahabharata, babban littafin labaransu na dā, an ce a Prabhasa, bakin teku a jihar Gujarat ta yau, ya yi wankan da ya dawo masa da haske, kuma nan ne wurin bautar Somnath yake. Labarin ya girmi Mahabharata ma, yana cikin Taittiriya Samhita, inda uban shi ne Prajapati, 'ya'yan kuma 33. Tunda magani kike karanta, za ki so ki ji cewa Charaka Samhita, babban littafin likitancinsu na gargajiya, da wannan labari ya buɗe bayanin cutar da suke kira rajayakshma, wadda ta yi daidai da tarin fuka. Ma'anar sunan ciwon sarki, kuma sarkin da ake nufi Wata ne.

Mu ma mun aurar wa Wata da tauraruwa. Zara matar Wata, haka muka taso muna ji, don ana yawan ganinta kusa da jinjirin wata da magariba. Ido ɗaya ne ya duba sama a ƙasashen biyu, ya ga kusanci, ya fassara shi da aure.

Ni a ganina labarin mowa bai faɗo haka kawai ba. Dabaran tana kwance kusan daraja 5 da rabi kudu da hanyar Rana, daidai iyakar inda Wata ke iya kaiwa. Hanyar Wata kuwa tana jujjuyawa cikin shekara 18 da rabi da ɗoriya, sai ya zamana akwai wasu shekaru a jere da kowane wata, Wata yakan bi ta kan Dabaran ya rufe ta ɗungum, ta ɓace kamar an hure fitila, bayan kamar awa guda ta ɓullo ta ɗaya gefen. Jerin da ya wuce ya faro a 2015 ya ƙare a 2018. Taurari masu haske sosai da Wata ke iya rufewa haka huɗu ne kacal, kuma Dabaran ce ta fi su haske. Manomin da yake kwana a waje ya ga Wata yana shiga ɗakin wannan jar tauraruwa wata bayan wata, shekara uku ko fiye, ba abin mamaki ba ne ya ce can zuciyarsa take.

Akwai wani labarin da ya fi wannan duhu, a Aitareya Brahmana. Prajapati, wanda suke ɗauka uban halittu ne, kuma shi ne abin bautar da aka jingina wa gidan Rohini, ya yi sha'awar 'yarsa. Ta rikiɗa ta zama jar barewa ta gudu, ya zama namijin barewa ya bi ta. Rudra, wani abin bautarsu, ya harbe shi da kibiya don hukunta shi. Duk suna sama har yau, in ji labarin: barewar da aka harba ita ce ƙungiyar taurarin da Larabawa ke kira Jauza'u, taurari ukun nan da ke jere a tsakiyarta su ne kibiyar, maharbin shi ne Shi'ira mai tsananin haske, jar barewar kuma Rohini. Masu duba ba su cika gaya wa mutum wannan ba, amma daga nan ne gargaɗin nan yake fitowa cewa kyan Rohini yakan jawo mata idon da bai kamata ba.

Alamar gidan amalanke ce, ta shanu. Ki duba kewayen Dabaran za ki ga wasu ƙananan taurari sun yi siffar baki biyu da suka haɗu a tsini ɗaya, ita tana ƙarshen ɗayan. Turawa da Girkawa suka ce fuskar sa ce, Dabaran idonsa. Indiyawa suka ce amalanke ce, suna kiranta Rohini shakata, wato amalanken Rohini. Amalanke a ƙauyen Indiya ita ke kwaso amfanin gona zuwa gida, ita ke kai kaya kasuwa, ita ke ɗauko amarya. Tana tafiya a hankali, tana ɗaukar nauyi, ba ta saki hanya. Sun ji tsoron abin da zai taɓa wannan amalanke ƙwarai. Varahamihira, babban masanin taurari na Ujjain a ƙarni na 6, ya rubuta cewa idan Zuhal ko Mirrihu ya ratsa ta cikinta, duniya za ta faɗa cikin bala'i. Akwai ma labarin sarki Dasharatha, mahaifin Rama, da aka ce ya hau karusarsa ya tari Zuhal a sama don ya hana shi keta amalanken, saboda kada fari na shekara 12 ya afka wa talakawansa. In amalanke ta karye, hatsi bai iso gida ba. Ma'anar ke nan.

To, halayen. Gara ki ji abin da tsohon littafi ya ce kafin abin da ake yaɗawa a intanet. Shi Varahamihira ɗin, a Brihat Jataka, layi ɗaya tak ya ba wanda aka haifa Wata yana Rohini: mai gaskiya, mai tsafta, mai daɗin baki, mai tsayayyen ra'ayi, kyakkyawa. Shi ke nan, biyar. Babu kishi a ciki, babu son ƙawa. A ɗaya littafin nasa, Brihat Samhita, ya lissafa waɗanda ke ƙarƙashin Rohini: masu riƙon alkawarin ibada, 'yan kasuwa, sarakuna, attajirai, masu tuƙa amalanke, shanu, manoma, duwatsu, masu mulki. Ki ga yadda jerin yake, duk abubuwa ne masu nauyi da dukiya da zama daram.

Abin da aka ƙara daga baya ya fi wannan yawa nesa ba kusa ba. Masu duba na yanzu za su ce miki 'yar Rohini tana da manyan idanu masu ɗaukar hankali, murya mai taushi, son tufa mai kyau da turare da abinci mai daɗi, kunnen kiɗa, hannun girki, hannun shuka, duk abin da ta taɓa sai ya yi albarka. Za su ce tana son gida da iyali, tana tara abin duniya, ba ta son a gaggauta ta. Ta ɓangaren aibi kuma: taurin kai, son jiki, raina wanda bai kai ta ado ba, riƙe abin da take so gam har ya zama mallaka, da kishi. Sana'o'in da suke ba ta su ne noma da kiwo, sayar da yadi da kayan ado, abinci, waƙa da rawa, fim.

In kika bi kowace siffa a hankali za ki tarar da inda aka ɗauko ta. Burujin Sa a tsarinsu gidan Shukra ne, wato Zara, kuma ita suka ba sha'anin ƙawa da daɗi da soyayya: ga turare da yadi. Tauraron da ke mulkin Rohini kansa Wata ne, kuma suna cewa a burujin Sa Wata yake samun ɗaukakarsa, ya fi ko'ina sakewa: ga taushin hali da farin jini. Rohini tana cikin gidaje huɗu da suke kira dhruva, tabbatattu, tare da Uttara Phalguni da Uttara Ashadha da Uttara Bhadrapada, waɗanda ake zaɓa don aza harsashin gini, dasa itace, naɗin sarauta, duk abin da ake so ya daɗe: ga tsayayyen ra'ayi, wanda in ya yi yawa ya zama taurin kai. Manyan idanu da sarewa da jan zukata kuwa na Krishna ne, ɗaya daga manyan abubuwan bautarsu. A al'adarsu an haife shi da tsakar dare a kurkukun Mathura, daren 8 na raguwar wata, Wata yana Rohini. Ya tashi cikin makiyaya, yana kiwon shanu, yana busa sarewa, matan rugar suna barin aikinsu su bi sautin. A Kerala bikin haihuwarsa ma Ashtami Rohini suke ce masa. Shi ya sa matar ta kama hannunki tana murna. A wurinta ta haɗa ki da wanda ta fi ƙauna a duniya.

Maganar kishi ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin an juya ta. Ki koma labarin: Rohini ba ta yi kishin kowa ba. Ita aka yi kishi. Ba ta kai ƙara ba, ba ta hana miji fita ba, laifin na Wata ne da ya kasa adalci, kuma shi aka tsine wa. Amma da labari ya zama hukuncin hali, sai aka ɗauki kishin 'yan'uwanta 26 aka ɗora mata. Duk wanda ya tashi a gidan mata da yawa ya san wannan juyin. Miji ne ke karkata, mowa ce ke shan zargi. Masu duba da suka san aikinsu sukan faɗi abin ta fuska biyu, su ce ɗan Rohini yana jawo hassada kamar yadda yake yin ta, kuma wannan ya fi kusa da asalin labarin.

Yanzu ki ji abin da Larabawa suka ce a kan wannan tauraruwa ɗaya. Dabaran ma'anarsa mai bin baya, don yana biye da Surayya har abada. A wurinsu namiji ne, matalauci, ya nemi auren Surayya ta ƙi shi saboda ba shi da komai. Ya tafi ya tara 'yan raƙumansa ya koro su a matsayin sadaki, yana bin ta, ita tana gaba, bai taɓa cim mata ba. Ƙananan taurarin nan da Indiyawa suka ga amalanke, Larabawa raƙuman sadakin suka gani. Suna kuma camfa shi, har suna buga misali da shu'umcinsa, ba sa son ruwan da ya sauka a lokacinsa. Tauraruwa ɗaya, ja ɗaya, wuri ɗaya a sama. A Indiya mowa ce da miji ya kasa rabuwa da ita, a Hijaz saurayi ne da aka ƙi. Can sa'a, nan rashin sa'a. Na daɗe ina nazarin tsarin biyu, kuma babu abin da ya nuna mini asalin waɗannan ma'anoni kamar wannan saɓani. Kowace al'umma ta ɗauki rayuwarta ta rataya a jikin tauraron: mai saniya da gonar shinkafa ya ga nono da yabanya, mai raƙumi a sahara ya ga zafi da ƙishirwa da neman da ba ya ƙarewa.

Zafin ma Indiyawa sun san shi, sai dai ta hanyar Rana. Rana takan shiga gidan Rohini wajen 25 ga Mayu ta fita wajen 8 ga Yuni. A arewaci da tsakiyar Indiya kwana 9 na farko su ake kira nautapa, kuma ana ɗaukarsu mafi zafin shekara, har manoma na cewa in suka ƙone da kyau damina za ta yi kyau. A yankin da kike, masu harshen Telugu suna ce wa wannan lokaci Rohini karte, suna da karin maganar cewa zafinsa turmin dutse ma fasa shi yake yi. Ki tambayi ƙawarki, za ta faɗa miki da harshensu. A Bihar da Jharkhand kuwa lokacin ne ake yafa irin shinkafa don dashe. Damina takan taɓa gaɓar Kerala wajen 1 ga Yuni. Wannan ya yi daidai da inda malamanmu suka ajiye Dabaran, ƙarshen bazara, ana gumi ana duban gabas. Varahamihira ya ware babi guda a kan haɗuwar Wata da Rohini a watan Ashadha don hasashen damina: a kafa tuta a ga inda iska ke kaɗawa, a jiƙa iri iri-iri a ga wanda ya tsira, a lura ko Wata ya bi ta arewa da tauraruwar ko ta kudu. Wannan ɓangaren ya fi burge ni a kan duk hukuncin halaye, domin mutane ne da ransu ya rataya a kan ruwan sama suke ƙoƙarin karanta shekara da abin da ke hannunsu.

A rayuwar yau da kullum, ga inda za ki ci karo da Rohini. Kowane gida an raba shi kashi 4 da suke kira pada, kowanne daraja 3 da daƙiƙa 20, kuma kowanne yana da gaɓar da ake fara sunan jariri da ita. Na Rohini su ne O, Va, Vi, Vu. Sannan akwai lissafin dasha, wanda ya raba shekara 120 tsakanin taurari 9. Ɗan Rohini yana fara rayuwa a zamanin Wata, mai shekara 10, ko abin da ya rage daga cikinsu gwargwadon inda Wata ya kai a gidan, sai Mirrihu 7, Rahu (mahaɗar hanyar Wata da ta Rana, wadda suke ƙirgawa cikin taurari) 18, Mushtari 16, Zuhal 19, haka har zagaye ya cika. Inda abin ya fi nauyi shi ne aure. Ana gwama gidan saurayi da na budurwa a kan maki 36, ana neman aƙalla 18. Kowane gida yana da dabbarsa, ta Rohini maciji ce, saboda haka Mrigashira, wadda ita ma maciji ce, ta dace da ita, Uttara Ashadha kuwa tunku ce, kuma kin san tsakanin tunku da maciji. Aure da yawa ya fasu a kan wannan ƙidaya tun kafin yaro da yarinya su ga juna.

Akwai kuma camfin da ke kudancin Indiya, musamman wurin Tamilawa, cewa yaron da aka haifa a Rohini bai yi wa kawunsa kyau ba, wato ɗan'uwan uwa. Dalili kuwa Krishna ne ya kashe kawunsa Kamsa, azzalumin sarkin da ya kulle iyayensa. Labarin azzalumi ɗaya ya zama tabo a kan jariran da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, a al'ummar da kawu yake da babban matsayi a suna da aure. Wannan yana ba ni takaici, kuma cikin masu duban nasu ma akwai masu cewa ba shi da tushe.

Ba ki tambaye ni ko gaskiya ne ba, amma ba zan bar ki ba tare da na faɗi ra'ayina ba. Tunda gidajen 27 ne, kusan mutum ɗaya cikin kowane 27 ɗan Rohini ne, wato kusan mutum miliyan 300 a duniyar yau. A cikinsu akwai mai kunya da mai tsiwa, attajiri da almajiri, mai kishi da wadda ko a jikinta. Siffofin kuma irin waɗanda kowa ke so a ce yana da su ne, wa zai ƙi a kira shi mai gaskiya mai daɗin baki? An ma gwada abin a Indiya kanta. A 2008, a Pune, masanin sararin samaniya Jayant Narlikar da abokan aikinsa suka tattara bayanan haihuwar yara 200, rabi haziƙai a makaranta, rabi masu naƙasar ƙwaƙwalwa, suka ba masu duba kowa 40 ya rarrabe. Masu duba 27 suka mayar da amsa, kuma matsakaicin abin da suka ci bai kai rabi ba, wato bai fi a jefa kwabo ba. Ita kanta tauraruwar wata ƙatuwar rana ce da ta tsufa ta kumbura, faɗinta ya ninka na Ranarmu sau 40 da wani abu, haskenta yana shekara 65 a hanya kafin ya iso idonki. Taurarin amalanken ma ba tare suke da ita ba, sun ninka ta nisa fiye da sau biyu, layi ɗaya kawai suka faɗo daga inda muke kallo.

Ta fuskar addini kuma malamanmu sun daɗe da raba abin biyu. Masaukan wata gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace su a Suratu Yunus da Suratu Yasin, kuma sanin su don ƙidayar lokaci da alƙibla da shuka ilimi ne halal, shi suke kira ilmut tasyir. Jingina wa tauraro tasiri a kan rabo da hali da abin da zai faru, ilmut ta'asir, shi aka hana, kuma hadisin Hudaibiyya a kan masu cewa an yi mana ruwa saboda tauraro kaza ya yi magana a kansa kai tsaye. Kina iya sanin duk abin da na rubuta miki a matsayin al'adar mutanen da kike zaune cikinsu, ba tare da kin ɗora wa zuciyarki ko ɗaya ba. Matar nan alheri ta nufe ki da shi, ta yaba ki da mafi tsadar yabon da ta sani. Ki gode mata, ki gaya mata a garinku Dabaran ake ce wa tauraruwar, kuma ita ke sanar da manoma damina ta ƙarato. Ina tsammanin za ta ji daɗin sanin haka. Sunan ma a Indiya ya wuce hannun masu duba: akwai babbar unguwa a Delhi mai suna Rohini, kuma tauraron ɗan'adam na farko da Indiya ta harba da rokarta, ranar 18 ga Yuli 1980 daga Sriharikota, Rohini aka sa masa. Abdul Kalam, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, shi ya jagoranci aikin rokar.

In kina so ki gan ta da idonki, kada ki neme ta a Mayu da Yuni, lokacin Rana tana gidanta, haske ya rufe ta. Ki bari sai Disamba ko Janairu. Bayan isha'i ki hau saman bene, ki nemo taurari ukun nan da ke jere, ki bi layinsu zuwa wajen Kaza da 'Ya'yanta, kafin ki kai gare su za ki tarar da ita, ja, a bakin amalankenta. A Haidarabad kusan ta tsakiyar kanki za ta wuce, kamar yadda take wucewa a Agadas, don garuruwan biyu kusan layi ɗaya suke. A Kano takan ɗan karkata arewa kaɗan. Wata zai sake fara rufe ta a 2033.